Yaran da za su shiga aji ɗaya an riga an haife su

Shekara uku na yi a kan rahoton nan na binciken yawan jama'a. Shafi 84, jadawali 31, kuma kowace lamba na san inda ta fito. Ranar da aka ba ni dama na gabatar da shi gaban wani kwamiti mai duba kasafin kuɗin ilimi, minti 20 aka ware mini. Na cinye 15 ina bayanin yadda muka zaɓi gidajen da muka shiga, da yadda muka gyara shekarun da mutane suka faɗa ba daidai ba. Da na gama, shugaban kwamitin, wani dattijo mai natsuwa, ya ce, "Malama, sannu da ƙoƙari. To yanzu me kike so mu yi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, duk yana babi na shida." Ya gyaɗa kai, aka kira na gaba. Abin ya daɗe yana ci mini rai, don na san bayan kowace lamba akwai yaro mai jiran kujera.

Wannan ne ya kai ni wata bita ta mako biyu da aka shirya wa masu binciken yawan jama'a, kan yadda za su isar da sakamakonsu ga masu tsara manufofi. Irin horon nan ya daɗe a duniya. Cibiyar Population Reference Bureau da ke Washinton, wadda aka kafa a 1929, ta shafe shekaru tana yi wa ɗaliban digiri na uku irinsa.

A rana ta biyu malamar da ke koyar da mu ta karɓi taƙaitaccen bayanina, ta karanta a tsaye, ta zagaye sakin layi na ƙarshe da jan biro, ta ja kibiya har saman takardar. "Nan za ki fara," in ji ta. Sai ta ɗora yatsa a kan ma'aunin yawan haihuwa da na rubuta, ta ce, "Wanda zai gina azuzuwa, me wannan ya gaya masa?" Na yi shiru. Ta ce, "Jariran bana, yaushe za su shiga firamare?" Na ce nan da shekara shida. Ta ce, "To ai ba hasashe kike yi ba. Yaran suna nan a bayan iyayensu mata. Ƙirga su, ki raba da yawan ɗalibai a aji, ki gaya masa aji nawa da malami nawa, kuma kafin wace shekara."

A jami'a an koya mana mu jera hanyar bincike tukuna, sakamako ya biyo baya. Mai riƙe da kasafi kuwa takardu ne jibge a gabansa, kuma akwai ranar da za a rufe lissafi. Idan bayaninka ya zo bayan ranar, sai baɗi.

Akwai abin da na ji tsoro da farko: kada taƙaitawa ta zama ƙarin gishiri. Har yanzu ina kan wannan tsoron, kuma ina ganin ya kamata kowane mai bincike ya riƙe shi. Misali, ana yawan cewa idan haihuwa ta sauko zuwa kimanin yara 2.1 ga kowace mace, al'umma tana maye gurbin kanta ne kawai. Gaskiya ne, amma ƙasar da matasa suka yi yawa za ta ci gaba da ƙaruwa shekaru da dama bayan haka, saboda 'yan matan da za su haihu sun riga sun yi yawa. In ka ɓoye wannan don bayaninka ya yi daɗin ji, ka yaudari mutum. A faɗe shi a jimla biyu, amma a faɗa. Haka kuma lissafin shekara shida masu zuwa da na shekara 50 ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma dole mai sauraro ya san wanne ke hannunsa.

Misalin da ya fi zauna mini, na yadda bincike ke zama manufa, shi ne na Navrongo a arewacin Ghana. A shekarun 1990 masu bincike suka gwada zaunar da ma'aikatan jinya cikin ƙauyuka, suna bin gida-gida, mace-macen ƙananan yara suka ragu. Ba a bar sakamakon a mujallu ba. Jami'an lafiya sun je sun gani da idonsu, gundumar Nkwanta ta gwada a nata yankin, daga baya tsarin ya zama manufar ƙasa da ake kira CHPS, wato tsarin kai kiwon lafiya cikin al'umma.

Bara na koma gaban wani kwamitin da takarda ɗaya, gaba da baya. Layin farko yawan yaran ne, na biyu azuzuwa da malamai, na uku shekarar da ake bukatarsu. Rahoton mai shafi 84 yana cikin jakata. Wata 'yar kwamitin ta tambaye ni yadda na samo lissafin malaman, na ciro shi na buɗe mata babi na shida, muka bi jadawalin layi-layi har ta gamsu.