Ƙashi ba shi ne gidan cutar ba

A shekarata ta farko a sashen ɗaukar hoto aka kawo wani dattijo da ciwon baya ya hana shi ruku'u. Ya yi wata biyu yana shan maganin tarin fuka, domin a wajenmu da zarar ƙashin baya ya lalace tibi, wato tarin fukan, ake fara zargi. Ni ma haka na rubuta.

Babban likitanmu ya ɗaga hoton, ya ce, "Duba guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin, ya taɓu?" Bai taɓu ba. Tibi yakan ci wannan guringuntsi, ciwon daji kuwa yawanci ya tsallake shi ya kama ƙashin kansa. Ga gaɓoɓin sun yi fari fat, sun yi tauri.

Ranar na fahimci cewa dajin da ake gani a ƙashin babban mutum galibi baƙo ne, daga wani wuri ya taso. Wurare biyar ake fara tuhuma: nono, huhu, ƙoda, furostet da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, sai tayirod na wuya. Kowanne da irin sawunsa. Na ƙoda da na tayirod ramuka suke yi kamar gara ta ci itace, na furostet ƙashin yake ƙara wa kauri, na nono kan haɗa biyun.

Eksire kuma ba abin dogaro ba ne da wuri, sai kusan kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ƙashin ya zaizaye kafin ramin ya fito. Shi ya sa ake neman hoton na'urar MRI, ko hoton ƙashi na sinadarin teknishiyom, sannan hoton na'urar CT na ƙirji da ciki da ƙugu don gano tushen. Amma kuɗin CT ɗaya kan cinye amfanin gonar wani, saboda haka ba a turawa barkatai.

Babban likitan ya juya wurin dattijon: "Baba, yaya fitsari?" Ya sunkuyar da kai, sai da ɗansa ya fita ya ce ya fi shekara yana tashi sau biyar a dare. Duk yawon asibitin da ya yi ba wanda ya tambaye shi, har da ni. Gwajin jini na PSA, mai auna wani sinadarin furostet, ya hau sosai, naman da aka tsakuro ya tabbatar dajin furostet ne. Aka tsayar da maganin tibi a ranar.