Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takunkumin da na sa wa kwamfutocin ɗalibai

A makon jiya na tsaya a inda aka damƙa mini ɗakin kwamfuta na makarantar. Ban daɗe ba na ga abin da yawan hannaye ke yi wa na'ura. Wannan ya canza hoton fuskar allo, wancan ya saka wasa, wani ya shiga saituna ya katse intanet. Ɗaliban darasin ƙarshe su ne ke shan wahalar, domin rabin lokacinsu a jiran gyara yake ƙarewa. Su suka fi ba ni tausayi.

Maganin yana cikin Windows ɗin kanta, wato Group Policy, tsarin dokoki da Microsoft ta shigo da shi tun Windows 2000. Da yake kwamfutocinmu suna ƙarƙashin uwar garke mai Active Directory, wato tsarin da ke riƙe da sunayen kwamfutoci da masu amfani da su a wuri guda, sai na tara su a rukuni guda, na rubuta dokokin sau ɗaya. Na toshe Control Panel, inda ake canza saituna, na hana buɗe baƙin allon rubuta umarni da wurin gyaran rajista (ma'ajiyar saitunan Windows), na kafe hoton allo. Kowace na'ura tana karɓo sabbin dokoki da kanta kusan duk minti 90, in kuma ina sauri sai in buga umarnin gpupdate /force, ta karɓo su nan take.

Akwai wani tarko a nan. Yawancin waɗannan dokoki mutum suke bi, ba na'ura ba. Ni kuwa so nake duk wanda ya zauna a ɗakin nan su hau kansa, amma in malami ya koma ofis ya sami sararinsa. Saitin loopback ne ya raba wannan gardama: yana sa dokokin ɗakin su kama kowa muddin a ɗakin ya shiga.

A kan filashi muka sha bamban da shugaban makaranta.

"Malam, a toshe shi gaba ɗaya mu huta," in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron da ya buga aikinsa, da me zai tafi da shi?"

Na nuna masa saitin da ke hana duk wata manhaja tashi daga filashi, alhali ana iya karantawa da ajiyewa. Ƙwayoyin cutar da ke zuwa a siffar manhaja sun rasa ƙofa, yara kuma ba a raba su da aikinsu ba. Ya amince.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin na'urar buga takardu, wadda ta fi wannan ba ni aiki.