Ranar da wutsiyar Ɗigo ta rage a hannuna

Har yau idan na tuna sai in ji haushin kaina. Shekara uku ina kiwon Ɗigo, tsakata mai zanen damisa, kuma na san sarai ba a kama irin wannan tsaka ta wutsiya. Ni da bakina na sha gaya wa wasu. Amma ranar da na fito da ita don in wanke akwatin gilashinta, na ajiye ta a kan tebur, ta zabura ta nufi gefe za ta faɗo, sai hannu ya riga hankali. Na kai cafka, wutsiya ce ta shigo tafin hannuna. Ko ja ban yi ba. Ɗigo ta faɗa kan kujera ta shige ƙarƙashin matashi, ni kuma na tsaya sororo da guntun wutsiya yana mutsu-mutsu a hannuna.

Da na ajiye wutsiyar, sai ta ci gaba da birgima, tana lanƙwashewa tana tsalle kamar mai rai, har tsawon mintuna. A can asalin irin wannan tsaka, wuraren duwatsu da busasshiyar ƙasa na Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya, wannan rawar ce ke ɗauke hankalin maciji ko tsuntsu har mai wutsiyar ta tsere. Wato a wannan daƙiƙar Ɗigo ta ɗauke ni abin da zai cinye ta. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Jini kuwa bai wuce ɗigo biyu ba. A cikin ƙasusuwan wutsiyar akwai wuraren rabuwa da aka halicce ta da su, ita ce da kanta take matse tsoka ta yanke, jijiyar jinin kuma ta tsuke nan take. Don haka ciwon bai tayar mini da hankali sosai ba. Kitsen ne ya dame ni. A wutsiya take tara ajiyarta, kuma tata ta yi kauri har ta kai kaurin wuyanta, abin da nake alfahari da shi. Tanadin shekara uku ya tafi saboda cafka ɗaya.

A daren na kwashe duk shimfiɗar ƙasan akwatin na sa takardar goge hannu, ina canzawa kullum, don kada wani abu ya manne a ciwon. Ban shafa mata komai ba. Na bar gefen akwatin da nake ɗumamawa a kan digiri 32 na ma'aunin Celsius, na daina barin gyaren da nake ba ta ta ci ya kwana a ciki, domin gyare mai yunwa yana iya gutsurar ɗanyen nama. Tsutsa nake zuba mata a ƙaramin kwano, da garin kalsiyam a kai. Kwana huɗu ta ƙi ci, da ta ga inuwata sai ta shige maɓoyarta. Da na ga kumburi ko ruwa ko wari, da likitan dabbobi zan nufa, amma Allah ya taimake ni wurin ya bushe lafiya.

A mako na biyu wani ɗan tsiro mai launin hoda ya ɓullo, santsi kamar kan yatsan jariri. Masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun ce irin wannan tsaka tana iya fitar da sabuwar wutsiya cikin kwana 30. Tawa ta yi tsayi a wata guda ɗin, amma sai da ta kusa wata biyu kafin ta ciko. Kuma kada kowa ya ce maka tsohuwar ce za ta dawo. Sabuwar ba ta da ƙashi, guringuntsi ne miƙe a ciki. Gajera ce, dunƙulalliya, babu zobe-zoben nan masu gurzi, zanen ma ya cakuɗe. Duk wanda ya leƙa akwatin sai ya tambaye ni me ya same ta, ni kuma sai na sake ba da labarin cafkar.

Yanzu a ƙasa nake zama duk lokacin da zan fito da ita, babu tebur, babu kujera. Ina shimfiɗa tafin hannu in jira ta hau da kanta, in tallafe ta ta ƙarƙashin ciki. Idan ta zabura, sai in bar ta ta gudu, hannuna a baya. Sai da aka yi mako shida kafin ta yarda ta sake taka hannuna, ta ɗan lashe yatsana, ta tsaya tana kallona da idanunta rabi a rufe, tana jan wannan kumburarriyar wutsiya a bayanta.