Zazzaɓin da ya biyo bayan allurar farko

A wajen awo aka ɗebi jinina, sakamako ya nuna ina ɗauke da tunjere, alhali ban taɓa jin komai a jikina ba. Aka yi mini allurar fenisilin mai kauri kamar madara, a ɗuwawu. Kafin in tashi, ungozoma ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, idan zazzaɓi ya rufe ki yau, kada ki tsorata, amma in mararki ta riƙa murɗawa ko yaro ya rage motsi, ki dawo ko tsakar dare ne."

Bayan la'asar kuwa sanyi ya kama ni. Bargo biyu na lulluɓa, haƙora na kaɗawa, kai kamar zai rabe, gaɓoɓi duk suna ciwo. Surukata ta taɓa goshina ta ce, "Allurar nan ba ta karɓe ki ba, kada ki koma." Da ba a gargaɗe ni ba, da maganarta zan bi, kuma jaririn da ke cikina ne zai cutu, don tunjere na jawo ɓari ko haihuwar ɗa babu rai.

Abin da ke faruwa shi ne, maganin na kashe ƙwayoyin cutar da yawa a lokaci guda, garkuwar jiki ta harzuƙa saboda abin da suke fitarwa. Likitocin fata biyu ne suka fara bayyana irin wannan zazzaɓi, Jarisch na Ostiriya a 1895 da Herxheimer na Jamus a 1902, shi ya sa yake ɗauke da sunansu. Yakan fara cikin 'yan sa'o'i, ya lafa cikin awa 24. Ba kowace cuta ke yin haka ba. An fi ganinsa a tunjere da danginta, irin su zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa.

Na sha farasitamol da ruwa sosai, hannuna a kan ciki ina ƙirga motsi. Da asuba gumi ya karyo, jiki ya saki.

Abin da nake roƙon mata su riƙe shi ne bambancin wannan zazzaɓi da borin jini. Kumburin leɓe ko fuska, ƙaiƙayi da ruɗu-ruɗu, numfashi na sarƙewa jim kaɗan bayan allura, wannan ba na jira ba ne, asibiti ake rugawa nan take.

Na koma na ƙarasa sauran allurai, zazzaɓin bai sake dawowa ba. Maigida ma ya je an yi masa tasa, domin in ba a yi wa duka biyun magani ba, cutar komowa take yi.