Aya ce ta fara yi mini maraba a Balansiya

Na sauka Balansiya, a gabashin Sifaniya, cikin watan Nuwamba, daidai lokacin tsinkar lemu. Wani ɗan garinmu da ya riga ni zuwa da shekara huɗu ya ba ni katifa a ɗakinsu a unguwar Orriols, mu biyar. Tun kafin asuba mota ke kwasarmu zuwa gonakin wajen Alzira, almakashi a hannu, akwati a kafaɗa, raɓa ta jiƙa mutum har gwiwa. Wata biyu ban san komai na garin ba sai hanyar gona da layin ofishin rajistar mazauna, takardar da suke kira padrón, wadda in babu ita ko katin asibiti sai ya gagare ka.

Wata Lahadi ɗan garin namu ya ce, "Taso, ƙanena, yau za ka ga gida." Muka hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Alboraia, 'yan mintoci arewa da birnin. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai yashi, teku na gefe guda. Muka tsaya bakin wata gona da inji ya gama tonewa, ya ce in duba ƙasa. Na durƙusa na tsinci 'ya'ya uku, na goge a riga, na tauna. Wallahi aya ce. Ni da na tashi a ƙauyen yankin Maraɗi, inda mahaifiyata ke rairayar aya daga yashi har yatsunta su tsage, sai ga ni a Turai ina tauna ta. Na daɗe a durƙushe ban iya cewa komai ba.

Mutanen Balansiya chufa suke ce mata. Suna shuka ta a Afrilu da Mayu, su tone daga Nuwamba, su wanke, su shanya ta wajen wata uku a ɗakuna masu iska, ana juya ta. Kunun da suke yi sunansa orchata: aya, ruwa, sukari, shi ke nan, a sha da sanyi ƙarara ana tsoma wani dogon burodi mai zaƙi, fartó. Tasu ba ta isarsu, suna sayo ƙari daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Wannan yana yi mini daɗi, yana kuma yi mini ciwo, don na san nawa ake sayen tiya a hannun manominmu, na kuma ga kuɗin kofi ɗaya a nan.

Daga baya na samu aiki wurin wani dattijo mai gonar aya da albasa. Shi ya koya mini karatun ƙasar. Magudanan ban ruwan da ke jawo kogin Turia zuwa gonaki sunansu séquia, daga Larabci, sāƙiya. Garuruwan da suka fara da Beni, irin Benimaclet, daga "banī" ne, wato zuriyar wane. Musulmi sun riƙe birnin sama da shekara ɗari biyar, har Sarki Jaume na Ɗaya na Aragon, Kirista, ya ci shi a 1238, aka kuma kori jikokinsu a 1609. Ruwan dai har gobe da ƙa'ida ake raba shi. Duk ranar Alhamis da ƙarfe sha biyu, wakilan magudanai takwas, manoma cikin baƙaƙen riguna, sukan zauna a ƙofar babban cocin birnin su yanke shari'ar wanda ya sha ruwa ba ranarsa ba. Da baki ake yi, cikin harshensu na Balansiyanci, kuma ba ɗaukaka ƙara. Sau biyu na je na tsaya kallo. Zaman dattawa a ƙofar fadar mai gari ya tuna mini.

Ranar da dattijon ya fara gayyatata cin paella, dafa-dukan shinkafarsu, da kansa ya je shagon mahaucin Musulmi ya sayo kaza da zomo. Da rana ake cin ta, a kan itacen lemu ya dafa, muka zagaye faffaɗan kaskon kowa na ci daga gabansa. Da muka kai ƙasa ya kankaro ƙanzon, socarrat, ya turo mini gabana, ya ce rabon baƙo ne.

Lahadin da ta biyo na jiƙa ayar gonarsa, na markaɗa da dabino da kwakwa da 'yar citta, na tace na kai masa a gora. Ya kurɓa, ya yi shiru, cittar ta sa shi tari. Sai ya kira matarsa ta kawo kofi biyu.