Katin Wi-Fi na tsohuwar laftof a kan Linux

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, aikin ɗora Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, ya ƙaru a shagona da ke Kano. Yawancin masu zuwa ɗalibai ne da masu shagunan buga takardu, riƙe da tsofaffin Dell da HP na hannu waɗanda Windows 11 ba ta karɓa. Linux Mint, wani nau'in Linux, muke sa musu. Allo ya kawo, sauti ya fito, sai a nemi Wi-Fi a rasa.

Nan ne yaran shago ke saurin cewa, "Oga, katin ya mutu." Ina hana su taɓa sukundireba sai sun buga umarnin lspci -nn, mai jero kayan cikin kwamfuta, sun karanto min lambar katin Wi-Fi ɗin. Idan ta fara da 14e4, na kamfanin Broadcom ne, kuma kusan kullum lafiyarsa ƙalau. Wanda ya fi zuwa hannuna shi ne BCM4312, wanda Dell ke kira Wireless 1397. Direbansa, wato manhajar da ke sarrafa katin, b43, yana cikin Linux tun asali. Abin da babu shi ne ɗan fayil ɗin da ake loda wa katin kansa kafin ya tashi, domin lasisin kamfanin bai ba da damar a raba shi tare da Linux ba. Ka buga umarnin dmesg, mai nuna saƙonnin Linux, za ka ga direban yana kukan bai sami fayil ɗin ba, wato ucode15.fw.

Maganin shi ne ɗora kunshin firmware-b43-installer, amma shi ma sai da intanet yake sauko da fayil ɗin, ga shi intanet ɗin ake nema! Sai mu jona wayar Android da kebul, mu ba kwamfutar data ta USB, minti kaɗan an gama. Wani kuma kafin ya zo ya riga ya ɗora wani direban na Broadcom mai suna wl, wanda ya toshe b43. Kura biyu ba sa cin kasuwa ɗaya, dole a cire guda.

Akwai waɗanda ba ruwansu da direba ma. Maɓallin kashe Wi-Fi ne a gefen laftof ya goce a cikin jaka, umarnin rfkill list zai nuna maka. Ko kuma mai ita ya kunna hotsifot a zangon 5GHz, alhali katin zangon 2.4GHz kaɗai yake gani.

In kati ya ƙone da gaske, na kamfanin Atheros nake nema a cikin matattun laftof da muke tarawa, domin direbansa, ath9k, ba ya buƙatar wani fayil. A Dell yana shiga salin alin. Wasu HP da ThinkPad kuwa BIOS ɗinsu, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, ba ya yarda da baƙon kati, ko tashi ba za su yi ba. Su sai dai ɗan Wi-Fi na USB, kuma a gaban mai ita nake gwadawa kafin ya biya.