Yadda Na Koma Karatun Littattafai a Wayata

Kusan shekara biyu na yi ina tara littattafai a waya ba tare da na kai ƙarshen ko ɗaya ba. Duk inda na ci karo da littafi sai in sauke, aboki ya turo mini in ajiye, har suka haura ɗari uku. Tun ina yaro nake son karatu, don haka abin ya dame ni ƙwarai. Na zaci haƙurina ne ya ragu, ko kuwa idona ne ya fara rauni. Ashe matsalar tana cikin fayilolin da kansu.

Kusan dukkansu PDF ne. Kamfanin Adobe ne ya fito da wannan tsari a 1993, domin takarda ta fito daidai yadda mai ita ya tsara ta a kowace kwamfuta da kowace na'urar buga takardu. Wato shafin a daskare yake, ba ya raguwa ba ya ƙaruwa. Shafin da aka yi wa babbar takarda, in ka buɗe shi a fuskar waya mai inci shida, haruffan sai su koma kamar ƙananan tururuwa. Ka sa yatsu biyu ka buɗa, ka ja dama, layi ya ƙare, ka jawo hagu kana laluben farkon layi na gaba. Kafin minti goma ido ya yi ja, wuya ya ƙage, abin da ka karanta ma ya tsere maka. Waɗanda suka fi wahalarwa su ne waɗanda hoton shafukan littafi kawai aka ɗauka aka haɗa. Su ko kalma ba ka iya nema a cikinsu, balle ka ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta burge ka.

Ƙanwata ce ta gan ni wata rana ina wannan fama. Ta leƙo ta ce, "Yaya, ai wannan wahalar da kai ne. Me ya sa ba ka nemi EPUB ɗinsa ba?" Na ce mata ban san wani abu wai shi EPUB ba. Ta karɓi wayar ta sauke mini wani littafi, ta buɗe, ta ƙara girman haruffa. Ina kallo layukan suka sake jeruwa da kansu, suka cika fuskar wayar daidai, babu abin da ya fita gefe.

Daga baya na bi diddigin abin. Tsarin EPUB ya fito a 2007, kuma a cikinsa rubutun littafi irin na shafukan intanet ne aka naɗe wuri guda. Shi ya sa yake kamar ruwa, duk mazubin da ka zuba shi sai ya ɗauki siffarsa. Littafin farko da na karanta a haka daga Project Gutenberg na samo shi, ɗakin karatun intanet da Michael Hart ya fara a 1971, wanda yanzu yake da littattafai sama da 70,000 kyauta, galibinsu tsofaffi waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare a Amurka. Cikin kwana tara na gama shi. Ranar da na kai shafin ƙarshe na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Sai na shiga gwajin manhajoji, kuma a nan na gane iri biyu ne. Akwai waɗanda suke haɗe da kantin sayar da littattafai, irin su Kindle na Amazon, da Google Play Books, da Kobo, da Apple Books na masu iPhone. Akwai kuma waɗanda aikinsu kawai su buɗe fayilolin da kake da su, kamar ReadEra, Moon+ Reader, Librera da FBReader. Na zauna a kan ReadEra don karatun yau da kullum, saboda da kanta take zaƙulo littattafan da ke cikin waya ta jera su, ba ta neman ka buɗe asusu, kuma talla ba ta faɗo maka a tsakiyar shafi. Littafin da nake so in ci gaba da shi a kwamfuta kuwa, sai in ɗora shi a Play Books, don tana tuna shafin da na tsaya ko da na sauya na'ura. Kindle ma tun 2022 tana karɓar EPUB in ka aika mata ta hanyar Send to Kindle.

Saitin manhajar ya ci mini lokaci, kuma bai tafi a banza ba. Na bar farin shafi mai ƙyalli na koma mai launin ƙasa-ƙasa, da dare kuma baƙin shafi da hasken da aka rage sosai. Na ƙara tazara tsakanin layuka. Na daina gungura rubutu sama kamar mai duba Facebook, na koma juya shafi ɗaya-ɗaya, don na lura muddin ina gungurawa idona tsallake yake yi. Da maɓallin ƙarar waya nake juya shafin, hannu ɗaya ya isa. Wani abin da ya shafe mu masu karanta Hausa: wasu nau'o'in haruffa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga ɗan akwati a gurbinsu, ko su fito da siffa dabam da sauran. Da na sauya zuwa Noto Serif ko Charis SIL, matsalar ta kau.

Akwai asarar da har yau nake jin ciwonta. Na yi wata bakwai ina karanta wani babban littafin tarihi a wata manhaja, ina jan layi, ina rubuta tsokacina a gefe, wuraren da na yi wa alama sun kusa ɗari biyu. Wata safiya wayar ta mutu, ta ƙi tashi. Na sayi wata, na sake sauke manhajar, na samo littafin, amma shafukan fes, babu ko layi ɗaya. Ashe tsokacin ba a cikin fayil ɗin littafin yake zama ba, a cikin ma'ajiyar manhajar yake, ita kuwa ta tafi tare da wayar. Littafi ana sake samunsa, amma tunanin da ya zo maka a daren da kake karanta babi na shida ba ya dawowa yadda yake. Tun daga nan, kafin in amince da manhaja sai na duba ko tana barin mutum ya fitar da tsokacinsa a matsayin rubutu. Duk littafin da na gama, a ranar nake fitar da nasa in aika wa kaina ta imel.

Wannan ne ya kai ni ga Calibre, manhajar kwamfuta ta kyauta da Kovid Goyal ya fara a 2006. A can nake ajiye asalin kowane littafi, in gyara sunan marubuci da bango, sannan in tura kwafi zuwa waya. Tana sauya fayil daga wani tsari zuwa wani, sai dai kada ka sa rai da yawa in PDF za ka mayar EPUB. Na gwada sau da dama, layuka suka kakkarye, lambar shafi da taken babi suka riƙa faɗowa tsakiyar jimla. Littafin da ke cike da jadawali da zane-zane, gara ka bar shi a PDF ka karanta a babban allo.

Batun saye kuwa, yawancin littattafan da ake sayarwa a manyan kantunan nan suna da kulle da ake kira DRM, ba sa buɗuwa sai a manhajar kantin ko wadda ya amince da ita. A zahiri izinin karantawa ka saya. A 2019 Microsoft ya rufe kantin littattafansa, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka mayar musu da kuɗinsu. Duk da haka ina saye, musamman inda na samu mawallafin da ke sayarwa ba kulle. Da na zauna tantance tarin nan nawa na farko, na tarar da yawa sababbin littattafai ne da aka kwafa ba da izinin masu su ba. Mutum ya shekara uku ko huɗu yana rubutu, ni kuma na karɓa a ɓagas ban ma karanta ba. Na goge su, waɗanda nake so da gaske na saya ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya rage shi ne wayar kanta. Kana tsakiyar babi mai daɗi saƙo ya shigo, ka ce bari in duba, sai bayan rabin awa ka tuna da littafin. Yanzu kafin in buɗe shafi sai na kunna saitin hana damuwa, wani lokacin ma in kashe data gaba ɗaya, tunda littafin yana cikin wayar. Na kuma ɗauke alamar manhajar da babban yatsana ya saba dannawa, na sa ta karatu a gurbinta. Na taɓa aron na'urar karatu mai tawadar lantarki, wadda allonta yake kama da takarda, na mako biyu, ta fi sanyi a ido, cajinta kuma yana kai makonni. Amma sau da yawa a gida nake barinta, waya kuwa kullum tana aljihu, a layin jira ko a cikin mota.

Littattafai biyar kawai nake bari a wayar yanzu, sauran suna kwamfuta. In na gama ɗaya in fitar da tsokacinsa, in cire shi, in turo wani. Wanda nake kai a halin yanzu saura mini babi uku.